Neman kalma: me za mu kira «hash» da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ina rubuta bayani kan yadda masu binciken kwamfuta ke gane fayil ba tare da sun buɗe shi ba, sai kalma guda ta tsaya mini a maƙogwaro: hash. Na jefo tambayar, amsoshi suka yi ta zuwa, na kuma gode ƙwarai. Bari in tattara abin da aka kawo, in faɗi wadda na tsaya a kanta da dalilina. Wanda bai gamsu ba, don Allah ya yi magana.

Sai an san abu kafin a raɗa masa suna. Ana ɗaukar duk abin da ke cikin fayil a bi da shi ta wani lissafi, sai ya fitar da jerin lambobi da haruffa wanda tsawonsa ba ya canzawa. Wannan jerin shi ne hash. Lissafin MD5, wanda Ronald Rivest ya ƙirƙira a 1991, guda 32 yake fitarwa. SHA-1 na fitar da 40, SHA-256 kuma 64, ko fayil ɗin shafi ɗaya ne ko bidiyon awa uku. Ka ƙara waƙafi ɗaya a ciki, jerin ya birkice gaba ɗaya. Ka sauya wa fayil ɗin suna sau goma, jerin ko gezau ba zai yi ba. Kuma daga jerin nan ba wanda zai iya dawo da fayil ɗin.

Amfaninsa wajen bincike shi ne ya jawo ni. A miƙa wa mai bincike kwamfutar da ake zargi, ya tarar da dubban ɗaruruwan fayiloli, mafi yawansu na Windows ne da Office da sauran manhajojin da kowa ke da su. Wa zai zauna ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya? Shi ya sa hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, take da wata taska mai suna NSRL tun farkon shekarun 2000. Tana tattara manhajoji, ta lissafa wannan jerin ga kowane fayil da ke cikinsu, ta fitar da kundin duk bayan wata uku, kyauta. Mai bincike ya loda kundin cikin manhaja irin Autopsy, ta yi masa tankaɗe da rairaya: duk fayil ɗin da aka samu a kundin a ture shi gefe, abin da ya rage shi za a sa wa ido. Cibiyar CIRCL ta ƙasar Luksamburg ma tana da hidima irin wannan, ka tura mata jerin ta gaya maka daga wace manhaja fayil ɗin ya fito.

To, ga abin da aka kawo.

Mutum biyu sun ce «ɓoyewa» ko «sirrantawa». Wannan kam ban karɓa ba. Abin da aka ɓoye yana nan, mai makulli zai buɗe ya ɗauka. A nan babu makulli, babu komawa. In muka ba shi wannan suna, mun koya wa ɗalibi kuskure tun ranar farko. Wata 'yar'uwa ta kawo «taƙaitawa», kuma akwai hujja, tunda ana matse babban abu ya koma ƙarami. Sai dai taƙaitaccen labari yana gaya maka abin da labarin ya ƙunsa, kuma labarai biyu masu kama da juna taƙaitawarsu ma za ta yi kama. Jerin nan kuwa ba ya gaya maka komai.

Wadda ta fi samun magoya baya ita ce «tambari», wasu suka ce «hatimi». Na kwana ina juya ta, don tana da daɗin faɗi, kowa kuma ya san ta. Abin da ya hana ni shi ne, tambari wani ne ke buga shi daga waje, da niyya, don a san abu nasa ne ko ya amince da shi. Jerin da muke magana a kai ba wanda ya buga shi. Daga jikin fayil ɗin yake fitowa, kuma ni da kai da wani a Japan in muka lissafa, amsa ɗaya za mu samu. Ku gwada da fayil ɗin da babu komai a cikinsa: a ko'ina a duniya, MD5 ɗinsa da d41d8cd9 yake farawa. Tambarin wa ke nan? Ban da haka, akwai wani abu na daban da ke jiran kalmar: sa hannun da kamfani ke yi wa manhajarsa da makullinsa na sirri don a san daga gare shi ta fito. Wannan shi ne hatimi na gaskiya. In muka kashe kalmar a nan, gobe za mu rasa abin kiran wancan.

Sai «zanen yatsa». Ma'anar ta zauna daram: mutum zai sauya suna, yatsansa na nan. Matsalar ita ce wayoyi sun riga sun kama kalmar. Ka ce wa mutum ya turo maka zanen yatsan fayil, hankalinsa zai tafi kan yadda yake buɗe wayarsa.

Ana cikin haka wani malami, Allah ya saka masa da alheri, ya rubuta kalma ɗaya tak: «dangwale». Ranka ya daɗe, ka warware mini. Dangwale shi ne shaidar da yatsa ya bari. Ba yatsan ba ne, ba za ka ƙera yatsa daga gare shi ba, amma in ka gwada shi da wanda ke cikin kundi za ka san mai shi. Gajeriya ce, tana kuma shiga jimla ba tare da gardama ba: ɗauki dangwalen fayil, gwada dangwale, kundin dangwale, dangwalen bai dace ba.

An kawo ƙorafi, kuma mai nauyi ne: mutum zai tsufa, ya rame, ya yi ƙiba, dangwalensa ɗaya, shi kuwa fayil harafi ɗaya ya isa ya sauya nasa. Haka ne. Amsata ita ce, a wurin mai bincike fayil ɗin da aka taɓa harafi ɗaya a cikinsa ya riga ya zama wani fayil daban, kuma gano wannan taɓawar shi ne aikin baki ɗaya.

Idan fayiloli biyu mabambanta suka fitar da dangwale ɗaya, «karo» ya ishe mu. Ya taɓa faruwa. A 2004 Wang Xiaoyun da abokan aikinta a ƙasar Sin suka nuna karo a MD5, sannan a Fabrairun 2017 cibiyar CWI ta Amsterdam da Google suka fitar da takardun PDF biyu daban masu SHA-1 iri ɗaya. Shi ya sa inda ake tsoron maƙarƙashiya ake jingina da SHA-256.

Akwai inda nake roƙonku mu yi taka-tsantsan fiye da ko'ina. Fayil ɗin da aka samu a kundin, wasu sun kira shi «amintacce». Kada mu yi haka. «Sananne» ne kawai. Kundin NSRL bai yi wa kowa alkawarin cewa abin da ke ciki ba ya cutarwa ba, abin da yake faɗa shi ne an san daga wace manhaja fayil ɗin ya fito. PowerShell, manhajar Microsoft ta ba wa kwamfuta umarni, sananne ne, halastacce ne, amma masu kutse na yin ɓarna da shi kullum. Wanda ya karanta «amintacce» zai kau da kai daga inda ya kamata ya duba, kuma mu da muka fassara masa mu muka jawo. Wanda ba a samu a kundin ba kuwa, «baƙon fayil» nake so mu ce. Hoton da ka ɗauka jiya baƙo ne a wurin kundin, wasiƙar da ka rubuta ma haka, kuma ba su yi laifin komai ba.

Saura guda da har yanzu ta gagare ni. Akwai wani nau'in lissafi, irin na ssdeep da Jesse Kornblum ya fitar a 2006, wanda da gangan aka yi shi don fayiloli masu kama da juna su fitar da jeri mai kama da juna, a gane ƙwayar cutar kwamfutar da aka ɗan yi wa kwaskwarima. Na rubuta «dangwalen kama» na goge, na sake rubutawa, don «kama» na iya nufin kamawa. Malamai, ga wannan a gabanku.