Shawarwari Kan Gano Sauyi a Wasannin Tseren Mota

Masu wasan tseren mota na kwamfuta da suka tattauna a Katsina sun yi ittifaƙi cewa abin da direba ke ji a sitiyari ba ya isa hujjar cewa sabuntawar wasan ta sauya yadda mota ke kama titi. Shawarar da ta rinjaya ita ce a adana bayanan tuƙi tun kafin sabuntawar ta sauka, sannan a maimaita zagayen da mota ɗaya, saiti ɗaya, mai daidai da na farko, kuma a zafin kwalta ɗaya.

Masu wasan Assetto Corsa Competizione suna buɗe fayilolin bayanan tuƙinsu a MoTeC i2, manhajar da ke nuna bayanan a matsayin layukan jadawali. An ja kunnensu da su jera layukan bisa nisa maimakon lokaci, su duba mafi ƙarancin gudu a tsakiyar kwana, da tazarar birki, da iskar taya. A ganina iskar ta fi cancantar kulawa, domin sabuntawa ta 1.9 a 2023 ta mayar da ma'aunin da ya dace tsakanin psi 26 da 27 (psi ma'aunin matsin iska ne), saboda haka tsohon saiti kan yaudari mai gwaji.