Tocilar aljihu: mai cin AA da 14500 ko mai 18650?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ina yawo da wata ƴar tocila a aljihun gaba, Lumintop Tool AA 2.0, da kaɗan ta fi ɗan yatsana tsawo, kuma abin da zan faɗa shi ne duk mazaunin Arewa in tocilar aljihu ɗaya tak zai saya to ya sayi mai cin batir iri biyu, AA da 14500 (batirin lithium mai caji da girmansa ɗaya da AA), ya rabu da masu 18650 ɗin nan, wato babban batirin lithium irin na cikin batirin laftof. Da 14500 tana ba ni haske har lumen 650 (lumen awon ƙarfin haske ne) a matakin ƙarshe, in ya mutu babu wutar caji kuwa sai in tsaya wajen mai tebur in sayi AA in zura, hasken ba zai kai 300 ba amma dai ina ganin gabana. Wanda bai yarda ba ga fili ga mai doki.

Ɗan Laftof: Wa alaikumus salam. Baba ka yi haƙuri ni kam ban yarda ba. 14500 ɗin nan cikinsa ƙarami ne, mai kyau a cikinsu bai cika wuce 1000mAh ba (mAh awon yawan cajin da batir ke ɗauka ne), shi kuwa 18650 mai kyau 3000 zuwa 3500 yake ɗauka, ka ga ya ninka shi sau uku har da ɗoriya. Ni Convoy S2+ mai cin 18650 nake riƙewa, in na caja ta ran Juma'a sai wata Juma'ar ta zagayo ban waiwayi caja ba. Kuma 650 ɗin da kake faɗa ai ba ya daɗewa, jikinta ƙarami ne ba inda zafi zai je, ƴan mintuna kaɗan ta rage hasken da kanta.

Baban Ummi: Ɗana wannan gaskiya ne ba na musu, tana ɗumi a hannu sannan ta sauko. Amma sau nawa mutum yake buƙatar hasken ƙarshe? Zuwa masallaci da asuba, neman makulli, duba mita, leƙa ƙarƙashin mota, duk a matakin tsakiya nake yi. Ka tuna Oktoban 2024 da Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu, masu cajin waya layi ake yi musu, a ina za ka caja naka a lokacin?

Ɗan Laftof: A fawa bank mana, ko sola. Kuma ina da 18650 guda huɗu a ajiye cike.

Direban Maraɗi: Ni ina bayan Baban Ummi. Mu nan tun 2023 da aka yanke mana kuran, wato wutar lantarki, daga Najeriya muka san darajar pil, batirin shago ke nan, kuma ni da nake kwana a hanya wani ƙauyen in ka ce 18650 kallonka kawai za a yi, amma AA ko a kasuwar ƙauye ranar da take ci za ka samu. To amma ina da tambaya, tocilata tsohuwa ce mai AA guda ɗaya, tunda kun ce 14500 girmansu ɗaya ai sai in saya in sa mata ta ƙara haske ko?

Ɗan Laftof: In dai ya shiga murfin ya rufu ai shi ke nan, gwada ka gani.

Mai Gyaran Waya: A'a a'a, don Allah yaya direba kar ka gwada, kai kuma ƙanena ka janye wannan maganar don wani zai karanta ya je ya aikata. Girma ɗaya ne amma ƙarfi ba ɗaya ba ne. Lambar 14500 awo ne kawai, kauri milimita 14 tsawo 50, daidai da AA, shi ya sa yake shiga ɗas. Amma AA na shago bolt 1.5 ne, mai caji irin Eneloop 1.2, shi kuwa 14500 lithium ne, 3.7 aka rubuta a jikinsa kuma in ya cika taf 4.2 yake kaiwa, kusan ninki uku ke nan. Shi ƙwan LED fari wajen bolt 3 yake so kafin ya kama, saboda haka tocila mai AA ɗaya akwai ɗan fanel a kanta da aikinsa shi ne ya ɗaga 1.5 ya kai 3. In ka ba wannan fanel ɗin 4.2 bai san ragewa ba, ɗagawa kawai aka gina shi ya yi, sai wutar ta wuce kai tsaye zuwa ƙwan, za ka ga haske mai kyau na ɗan lokaci ka yi murna daga nan ya fara yin shuɗi-shuɗi ya ƙone, ko fanel ɗin ya tafi. An kawo min irinsu shago ba ɗaya ba biyu ba. Ita ta Baban Ummi an yi mata fanel ɗin da ya san duka biyun ne, kuma kamfanin ya rubuta a takardarta. In ba a rubuta 14500 ko 3.7V a jiki ko a kwali ba, to ba ta ci.

Ɗan Laftof: Na janye oga, na yi gaggawa. Ni a zatona duk LED ɗaya ne.

Direban Maraɗi: Allah ya saka da alheri, da yau na kashe ta. To mai cin AA biyu fa?

Mai Gyaran Waya: Wannan ma ta fi haɗari, biyu a jere 8.4 ke nan a inda ake jiran 3.

Anti Nas: Ku bari in sa baki, ni aikin dare nake yi a asibiti kuma kullum da tocila a aljihun rigata. Duk kuna ta maganar wace ce ta fi haske, ni matsalata wace ce ta iya yin ƙasa. In zan duba ƙwayar idon mara lafiya ko in leƙa ruwan da aka ɗaura wa yaro ƙarfe uku na dare ba na son in tashi ɗaki gaba ɗaya. Kuma abin da na lura da shi a irin ta Baban Ummi, don ita ce a hannuna, in na sa 14500 matakin ƙasan ma ƙaruwa yake yi ya yi min yawa, da Eneloop kuwa sai ya sauko can ƙasa yadda nake so. Saboda haka ni na ajiye 14500 ɗin a gida, mai caji 1.2 nake sawa. Mai 18650 kuma nauyi ne da ita, jan aljihu take yi.

Baban Ummi: Kin ga Anti wannan ma hujja ce a gare ni, tocila ɗaya kowa ya sa mata abincin da ya dace da aikinsa.

Ɗan Laftof: Baba hujjar taka akwai rami a ciki fa. Batirin mai tebur ɗin da kake tinƙaho da shi yawanci ba alkalin ba ne, mai arahar nan ne na zinc da gawayi da aka yi don rediyo da agogon bango da rimot. Tocila mai jan wuta in ka sa mata shi minti kaɗan hasken ya yi laushi. Ga tsiyaya, in ka manta shi a ciki wata biyu cikin zafin nan sai ka buɗe ka ga farin gari ya cinye sifirin, wani lokacin batirin ma ya kumbura ya ƙi fita.

Baban Ummi: Ya taɓa faruwa da ni a wata tsohuwar tocila, sai da na sa sukudireba na ƙwaƙulo shi kuma ba ta sake kamawa ba, abin ya ba ni haushi don ta mahaifina ce. Shi ya sa yanzu na shago na gaggawa ne kawai, in gari ya waye na cire. Amma ka yarda dai ko mai rauni ne ya fi babu.

Mai Gyaran Waya: Ku biyun kowa da gaskiyarsa, amma tunda an taɓo ramin Baba bari in taɓo naka ƙanena. Guda huɗun nan naka daga ina?

Ɗan Laftof: Biyu na ciro daga tsohon batirin laftof, biyu na saya sababbi an rubuta 9900mAh.

Mai Gyaran Waya: To biyun da ka saya jabu ne, ko rantsuwa zan iya yi. Babu 18650 mai 9900 a duniya, manyan masu yin sa irin Samsung da LG da Panasonic nasu wajen 3500 ya tsaya. Ka ɗora a sikeli, na gaske giram 45 zuwa 48 yake yi, na jabu za ka ji shi sakayau. Na laftof ɗin sun fi su asali amma sun tsufa, kuma ba su da ɗan fanel ɗin kariya, ka auna da mita duk wanda ka samu ya faɗi ƙasa da bolt 2.5 ya daɗe a haka kar ka caja shi, haka wanda ledar jikinsa ta yage don gangar jikin gaba ɗaya negatif ce. Sannan su ma 18650 ba duka ke shiga kowace tocila ba, asalin tsawonsa milimita 65 ne amma mai kariya yakan kai 69 ko 70 murfi ya ƙi rufuwa, ga mai shafaffen kai ga mai ɗan tsini, wata tocilar in ba mai tsini ba ne ba zai taɓa ba sam.

Anti Nas: Malam a ƙara da maganar aljihu don Allah. Lithium tsirara a aljihu ɗaya da makulli ko kwabbai ƙuna ce ke jiran mutum, ƙarfe na haɗa kai da gindi ya ɗau zafi nan take. A sa shi a ƴar robarsa.

Direban Maraɗi: Ni da nake barin kaya a gaban mota rana na dukansu fa?

Mai Gyaran Waya: Lithium kar ka bar shi nan yaya, watan Afrilu waje ma ya haura 40 balle cikin mota a rufe. Kai Eneloop ya fi dacewa da kai, ba ya tsiyaya irin na shago, yana riƙe caji wata da watanni, kuma tsohuwar tocilar taka za ta ci shi lafiya lau ba sai ka sayi sabuwa ba.

Ɗan Laftof: Ni dai har yanzu ina kan bakana a kan daɗewa, mai gadi ko mai zuwa gona da dare ba zai ƙoshi da 14500 ba. Amma oga gobe in Allah ya kai mu zan kawo huɗun shago ka auna min.

Baban Ummi: Mai gadi ai ba tocilar aljihu yake nema ba ɗana, ni ta aljihu na ce tun farko. In za ka je shagon ka biyo ta gida mu tafi tare, ina so a auna min 14500 ɗina shi ma, an rubuta 1200 a jikinsa kuma yanzu hankalina bai kwanta ba.

Mai Gyaran Waya: Ku zo bayan la'asar, ku taho da cajojin ma in duba ko suna tsayawa a 4.2.