Don Allah ku ba ni shawara kan ƙarin shekara a karatun likita

Salam 'yan uwa, kaina ya kulle wallahi. Ina aji uku a karatun likita a Ingila, an ba mu dama mu ajiye karatun shekara ɗaya mu yi digirin BSc sannan mu dawo, a Oxford da Cambridge ma dole ne amma mu zaɓi ne. Ni ina so saboda binciken ciwon sikila, sai dai Baba ya ce ga yadda fam ya tashi, wa zai biya kuɗin ƙarin shekara? Kuma tun 2023 an daina ƙirga makin wannan digirin wajen rabon gurbin aikin farko na sabbin likitoci. Fom ɗin na nan kan tebur sati biyu ban cike ba. Wanda ya taɓa yi, ya amfane ka wajen neman ƙwarewa? Ya kuka yi da kuɗin?