Wa aka taɓa yi wa kallon ɗan ƙwaya don ya yi gudu bayan shekara arba'in?

Mai tambaya, shekara 52: 'Yan uwa, ku ba ni labarinku. Watan jiya na rage minti 9 a lokacina na marathon, wato tseren gudun dogon zango. Ina tsaye ina haki, lambar ƙirjina ta jiƙe sharkaf, sai wani abokin atisayenmu ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, me kake sha ne?" Da dariya ya faɗa, amma har yau tana ci mini rai. Ni dai na san na bar taba, na rage kilo 7, na kuma sayi takalmin nan mai farantin kabon.

Wata mai shekara 47: Yaya, takalmin kaɗai ya isa ya jawo maka magana. Tun da irin takalmin nan mai suna Vaporfly ya fito a 2017 lokuta suka sauka, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya, World Athletics, ta ƙayyade kaurin tafin takalmin titi a milimita 40 a 2020. Ni sai da na yaye autana na fara gudu, ina da 39. Wanda ya fara a makare dole ya yi ta ƙaruwa, gwiwarsa ba ta ci wuya ba tukuna. Mutane ba sa lissafa wannan.

Dattijo mai shekara 63: Ni tsautsayi ne ya kusa faɗa mini. Maganin hawan jinina akwai hydrochlorothiazide a ciki, mai sa yawan fitsari, ashe yana cikin jerin haramtattun WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, don ana ɓoye wasu ƙwayoyin da shi. Sai ana saura mako uku gasa na duba takardar cikin kwalin. Jikina ya yi sanyi. Na koma wurin likita ya canja mini. Da an ɗauki fitsarina fa? Sunana ya ɓaci ke nan, alhali jinina nake rarrashi.

Wani mai shekara 44: Baba, Allah ya kiyaye gaba, amma zargin ma ba daga sama ya faɗo ba. Eddy Hellebuyck ya ci marathon ɗin Twin Cities a Amurka a 2003 yana da 42, a 2004 aka same shi da EPO, wadda ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Ni shekara shida ina shiga gasar rukunin shekarunmu, ko sau ɗaya ba a miƙo mini kwalbar gwaji ba. Akwai wanda ya gaya mini da bakinsa likita na yi masa allurar testosterone, sinadarin ƙara ƙarfin jiki, saboda "kasala", kuma shi ke karɓe mana kofi.

Dattijo mai shekara 63: To Ed Whitlock na Kanada fa? Ya gama marathon ƙasa da awa 3 yana da 73, atisayensa zagaye maƙabarta ne kawai. Shi ma ƙwaya za a ce?

Mai tambaya: Mai allurar nan, ka kai ƙararsa?

Mai shekara 44: Ban kai ba. Mota ɗaya muke shiga zuwa gasa.