Neman kalmar Hausa: me za mu kira harness?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina shirya rahoton rediyo na ranar 28 ga Afrilu, ranar kiyaye lafiyar ma'aikata ta duniya, kan masu gyaran jiragen ruwa da ke faɗowa daga sama a wuraren aiki irin na Legas da Tema ta ƙasar Ghana. Gobe da safe zan miƙa shi, kuma har yanzu ban samu sunan abin nan da ma'aikaci ke sawa a kafaɗu da cinyoyi, a maƙala igiyarsa a jikin ƙarfe ba.

Malamar makaranta: Wa alaikumus salam. Ɗamarar tsira ta wadatar.

Tsohon mai walda: Hajiya, a yi mini afuwa, ɗamara a ƙugu kaɗai take tsayawa, kuma ita ce Amurka ta hana amfani da ita wajen tare faɗuwa tun 1998, domin idan igiya ta fizgi mutum, nauyinsa duka a ciki da ƙashin baya yake sauka. Na ga abokin aikina ya zame yana kankare tsatsa a gefen jirgi, ƙasansa busasshen kwarmi na siminti, madaurin cinya ne ya riƙe shi a tsaye har muka sauko da shi. Mu dai sefti bel muke cewa.

Malamin nahawu: Ina ba da shawarar ragaya. Yadda ragaya ke rungumar ƙwarya ta kowane gefe ta rataye ta, haka wannan abu yake yi wa mutum. Sefti bel kuwa raina harshe ne, kamar ba mu gaji kalmomi ba.

Tsohon mai walda: Malam, ba raini ba ne. Wanda ke saman tsani da abin da kunnensa ya saba yake aiki.

Malamin nahawu: Baba, da haka aka bar mana tebur da bokiti. Ragaya tamu ce tun kaka da kakanni.

Malamar makaranta: Yaran birni da yawa ba su taɓa ganin ragaya ba, Malam.

Mai fassara: Na gode. Zan ce ragayar tsira, in bayyana siffarta a farkon ambato, in kuma faɗi sunan da ma'aikata suka sani sau ɗaya.

Malamin nahawu: Na amince, amma sau ɗayan nan ma bai kwanta mini ba.