Neman kalma: me za mu kira "peptide" da Hausa?

Malamin kimiyya, Birnin Kudu: Salamu alaikum 'yan uwa. Gobe bayan azahar za a ɗauki shirinmu na lafiya a rediyo, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: peptide. Batun magungunan ciwon daji ne da ake samowa daga halittun teku. A 1987 George Pettit na Jami'ar Jihar Arizona ya fitar da wani peptide mai suna dolastatin 10 daga wani dodon koɗin tekun Indiya. Amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, biyar ne kacal a jere, amma yana hana ƙwayar daji rabuwa biyu. Daga shi aka ƙera dafin da ke cikin maganin daji mai suna Adcetris, wanda Amurka ta amince da shi a 2011. Masu saurarona manoma ne da matan gida. Ku taimaka.

Nas, Gwaram: Wa alaikumus salam Malam. Feftayid kawai, kamar yadda muka yi wa furotin.

Ɗalibin fassara: Guntun furotin?

Malamin kimiyya: Guntu abin da aka gutsuro ne. Wannan kuwa cikakke ne. Hasali ma ƙwayoyin da dodon yake ci a teku ne suke haɗa shi haka, ba ɓalle shi aka yi daga wani abu ba.

Tsohon hedimasta, Ringim: Yara, kun bar gida kuna nema a daji. A ce JIGIDA. Tsakiya ce a zare, ɗaya bayan ɗaya, gajeriya. Furotin shi ne carbi mai dubu, wannan jigida. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane.

Nas: Baba, kwatancen ya yi kyau, amma a ce "jigida mai kashe daji" a rediyo? Wallahi kafin Juma'a wani zai fara sayar da ita a kasuwa.

Tsohon hedimasta: To furotin ɗin naku Hausa ce? Kun karɓi "kansa" kun jefar da sankara. Kanawa ne suka ɓata ku da aro.

Wani daga Bichi: Haba Baba, me Kano ta yi? Carbin da ka kawo ma ai ba a Ringim aka haife shi ba. Kowane harshe yana aro.

Tsohon hedimasta: Aro daban, kasala daban.

Ungozoma, Hadejia: Ku yi haƙuri, ku bar rigimar nan. Yayata sankarar mama ce ajalinta, wata takwas tana shan jiƙo kafin a kai ta asibiti. Malam, duk sunan da ka zaɓa, don Allah ka faɗa ƙarara cewa cin tarwaɗar kogin Hadejia ba ya maganin daji. Abin nan guba ne da ake aunawa a asibiti. Wani irinsa mai suna didemnin B na tekun Karibiyan ma dakatar da gwajinsa aka yi saboda illarsa ga marasa lafiya.

Malamin kimiyya: Allah ya jiƙanta, Yaya. Da wannan gargaɗin zan buɗe shirin. Zan ce "gajeren furotin, wanda likitoci ke kira feftayid", in yi bayani da carbi da jigida. Baba, ka amince?

Tsohon hedimasta: Ban amince ba, amma gobe ta matso. Ka dai ce sankara, kar in ji "kansa".

Malamin kimiyya: Sankara zan ce, Baba.