Ƙafar Baba ta ƙi warkewa, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Argungu nake. Baba ya shekara 9 yana fama da ciwon suga. Sati uku ke nan, lokacin yankan shinkafa, wani kara ya soke shi a ƙasan babban yatsa a fadama. Bai ma san ya ji ciwo ba, sai da Inna ta ga jini a silifas ɗinsa. Mun sayo kafso a kemis, muna gasa wurin da ruwan zafi safe da yamma. Ciwon bai fi faɗin kwabo ba, amma ya ƙi kamewa, gefensa har ya fara baƙi. Ƙafar sanyi ƙalau kamar gindin randa, ɗayar kuwa da ɗuminta. Kawu ya ce a kira wanzami ya fitar da mataccen jini. Baba kuma ya ƙi asibiti, wai yanke ƙafa suke yi. Yaya zan yi?

Ma'aikacin jinya, Birnin Kebbi: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, don Allah kada aska ta taɓa ƙafar nan, gashin ma ku daina shi yau. Wanda bai ji sukar kara ba, ba zai ji ruwa na ƙona shi ba. Suga idan ya daɗe yana hawa, ɓarna biyu yake yi wa ƙafa: yana kashe jijiyoyin da ke sa a ji zafi, yana kuma tsuke hanyoyin jini. Kai ɗan fadama ne, ka san yadda shinkafar ƙarshen gona take idan lambatu ya toshe. Jini ne ke kai wa ciwo iska da abinci da ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, har kafson da yake sha jini ne zai kai shi wurin. Shi ya sa ciwon ya tsaya cak. In an tsaga, an ƙara masa wani ciwon ne da shi ma ba zai warke ba. Tambaya: idan yana tafiya, sha-raɓarsa na kama shi?

Mai tambaya: Ƙwarai kuwa. Kafin ya kai masallacin unguwa sai ya tsaya sau biyu. Mun ɗauka tsufa ne.

Ma'aikacin jinya: Alama ce ta cewa jini ba ya isa ƙafar sosai. Ga sanyi, ga baƙi, wannan ba na jira ba ne. Ku kawo shi Asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya na nan Birnin Kebbi. Za a taɓa bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu, a auna suga, a wanke ciwon, wataƙila a yi hoton hanyoyin jini. Idan yana shan taba, ya bari.

Wata 'yar'uwa daga Jega: Ka gaya wa Baba labarin mahaifiyarmu. Nata faso ne kawai na hunturu a diddige, tana kuma jin ɗumi da kaskon garwashi. Wata biyu muna shafe-shafe a gida saboda tsoron yanka, da muka je ba a iya ceto ƙafar ba. Har yau abin na cina. Yanzu kullum bayan alwalar isha'i nakan duba mata ɗayar da tocila, in goge tsakanin yatsu, in shafa mai a diddige, in zazzage takalmi kafin ta sa.

Wani dattijo daga Yauri: Ɗana, kada ka yi jayayya da mahaifinka. Nemi amininsa ko limamin unguwa ya yi masa magana. Allah ya ba shi lafiya.

Mai tambaya: Amin Baba, na gode. Liman ya shigo bayan la'asar, mahaifina ya amince. Mun samu mota gobe da asuba.

Ma'aikacin jinya: In da hali ku taso yau. In ba hali, ku rufe ciwon da bandeji mai tsabta, kada ya taka ƙafar, ku haɗo duk magungunansa a leda. Amma idan zazzaɓi ya rufe shi, ko wurin ya fara wari, ko ja ya fara haurawa sama, ko tsakar dare ne ku kamo hanya.